Garin da Yaya Falmata Ta Ajiye Ɗanta

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayata Falmata. A zamaninta, in mutum ya kora shanu daga Yerwa, wato Maiduguri, zuwa Ikko, bankwana ake yi masa da yafe-yafe, don ba a san ranar dawowarsa ba. Yau mota ke shigowa Maiduguri daga Jos da Kano, fasinja ya sauko da labarin shekaranjiya a bakinsa.

Fataucin shanu ya kai ni ƙasashe da dama, ko'ina kuma da irin fatalwarsu. Tamu ta nan doguwa ce, fara fat cikin likkafani, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, gudunta ake yi. A Sudan na ji ana zancen ba'ati, mamacin da ke fitowa daga kabari yana magana ta hanci. Yarabawa kuwa suna da akudaya: wanda ya mutu da ƙuruciya, sai ya tafi wani gari mai nisa ya kama sana'a, har ya yi aure. Ranar da ɗan garinsu ya gane shi ya kira sunansa, sai ya ɓace.

Wannan ta ƙarshe ce ta shiga ran Yaya. Wata Bayarabiya mai sayar da atamfa ta ba ta labarin, shekarar da zazzaɓi ya ɗauke ɗanta na fari, Modu, gemu bai gama fito masa ba. Ni na sa shi a kabari da hannuna.

Ina ɗaure kayan tafiya da hantsi ta same ni. "Bukar, in ka shiga kasuwannin kudu, ka riƙa duba mini fuskokin samari."

Na ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah. Ke da kika yi karatu?"

"Na san inda yake kwance. Dubawa na ce ka yi, ba sallah na ce ka bari ba. In ka gan shi kada ka kira shi, kai da bakinka ba ya rufuwa. Ka duba mini kawai ko ya yi ƙiba." Ta ƙara da cewa, "Da ni ce ba zai ɓace ba. Ni dama ban taɓa kiran sunansa ba."

Gaskiyarta. Kunyar ɗan fari ta hana ta faɗin sunan yana raye, mutuwa ma ba ta sake mata baki ba. "Yaron nan" take cewa.

Na duba kuwa. A Ilorin, a Badun, a bakin ruwan Ikko, na sha bin ƙeyar wani saurayi har sai ya waiwaya. Duk dawowata takan bari in sha ruwa, in gaisa da mutane, sannan ta ɗago ido. In ce ban gan shi ba. Ba na yi mata ƙarya, ita ma ba ƙarya take nema ba. Sai ta ce, "To, da sauran garuruwa," ta koma kan dakanta. Malamai sun yi mata faɗa, maƙwabta sun yi gulma. Ni dai na ga abin da ke tashinta da safe ke nan.

A ciwon ajalinta ta tambaye ni ko akwai garin da ban taka ba. Na ce suna da yawa. Ta ce alhamdu lillahi.

Ina tunanin abin da za ta ce da ta ga tashar mota ta yau. Da ta tsare kowane direba da tambaya, cikin wata ɗaya su ƙarar mata da garuruwan da ta rayu a kansu. Yara yanzu suna tsokanar juna da fatalwa mai likkafani, su yi dariya. Waccan tana nan. Wadda ta tafi ita ce ta Yaya, wadda ba a tsoro, kewarta ake yi.

Allah ya jiƙanta, ya sada ta da Modu. Hanya ta matso da duniya kusa, yanzu babu sauran gari mai nisan da uwa za ta ajiye ɗanta a ciki.