Dakta Labaran da Ramin da ke Zuciyar Duha

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Maris 2023, Dakta Labaran, malamin ilimin sassan jiki, ya rasu a gidansa da ke Umdurman, a ƙasar Sudan.

Labaran, tare muka taso a gonakin audugar Jazira. Alherinka ba ɓoyayye ba ne. Duk Juma'a kana sayo zuciyar rago a Kasuwar Umdurman, ka tara ɗaliban Najeriya da Nijar a tsakar gida, ka tsaga ta a faranti. Ga ɗakuna huɗu, ga jijiyoyi biyu masu dawo da jini, ga wadda ke kai shi huhu, ga babbar da ke fita ta hagu ta lanƙwasa kamar kan sanda. In an gama, a soya darasin a ci da kisra, gurasar dawar Sudan. Ba ɗalibin da ya taɓa tashi da yunwa.

Amma ba zan yi maka ƙarya kana kwance ba. 'Yarka Duha da rami aka haife ta, a bangon da ya raba ɗakunan ƙasa na zuciyarta. Kai kuwa sai ka mai da ita allo. Ka kira ta, ƙartin samari su yi layi suna sauraron ƙirjinta, tana kallon ƙasa, kana cewa ba littafin da ke da wannan sauti.

Likitoci sun ce a yi mata aiki tun tana ƙarama. Ka ƙi, wai duk masu riƙe wuƙar ɗalibanka ne, kuma ka san daƙiƙancin kowannensu. Kana jiran gwani, jijiyar huhu ta taurare, leɓɓanta suka yi shuɗi. Aka ce lokaci ya wuce, kuma ɗaukar ciki zai kashe ta. Manemi ɗaya da ta samu ya janye.

Ranar uku da rasuwarka na same ta a zaman makoki, tana haki daga ɗauko tiren shayi. Na roƙe ta ta yafe maka.

Ta kira ni baffa da Larabci, ta ce, "Ammu Hamid, shi ya fi kowa sanin akwai abin da in an makara ba ya gyaruwa. Shi ya koya mini."

Na karɓe mata tiren shayin.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Hajja Sakinatu da ɗalibanka. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya yafe maka abin da ke tsakaninka da Shi. Abin da ke tsakaninka da Duha kuwa yana hannunta. Allah Ya ƙara mata numfashi, har ta ga dama.