Miyar da Babu Mai

Shekara talatin Aina'u tana matsar man gyaɗa a wani ƙauye kusa da Ɗambatta. Mijinta Malam Muntaka kuwa ba ya jin daɗin tuwo sai ya ga mai yana yawo a kan miya.

Da tarin fuka ya kama shi, sai ta yi abin da ta tashi ta ga iyaye suna yi, wato mai tari ba ya cin maiƙo. Ta ɗauke mai, ta ɗauke ƙuli, har man shanu. Wata biyar yana shan maganin asibiti a kan tuwo da miyar kuka lami. In ƙamshin suya ya cika gidan, sai ya ce, "Aina'u, ko cokali ɗaya."

Ita kuma ta ce, "Ka warke tukuna, Malam, har kwalba zan ba ka."

Sai da ya rame kamar karan dawa sannan wata ma'aikaciyar asibiti ta tambayi abin da yake ci. Da ta ji, ta ce, "Inna, cutar nan naci gare ta. Magani yana yaƙi, amma jiki ma yaƙin yake yi, kuma ba ya iyawa da yunwa. Ki sa masa mai."

Ranar ta zuba mai ba awo. Ya kai loma, ta ƙi wucewa. Kwana tara aka kai shi makwancinsa.

Har yau tana matsa tana sayarwa, amma tukunyar miyarta ba ta ƙara ganin mai ba.