Murucin Gefen Fadama

A gidanmu na Wurno, tun kafin Turawa su shigo ƙasar Kano, tsintar 'ya'yan giginya aikin yara ne. Mukan tsotse su tas, mu kai wa Kaka, mahaifiyar babanmu, ƙwallayen ta binne a fadama. Bayan damina sai a tono muruci a dafa. Ƙa'idarta ɗaya ce: waɗanda ke gefen fadama ba a tono su, barinsu ake yi su zama giginya.

Shekarar da fara ta cinye mana gero, muruci ya koma abincin gida. Muka tone na tsakiya duka, saura na gefe. Ƙanwata ta rame har awarwaro yana zame mata daga hannu. Wata safiya Inna, mahaifiyarmu, ta miƙo mini fartanya ta ce in je in tono sauran.

A can na iske Kaka zaune, ta miƙe ƙafa a kan kunyar murucin gefen.

"Maigida, yau da fartanya aka zo zance?" in ji ta.

Na ce, "Tsohuwa, tashi. Ke da ba ki da haƙori, ina ruwanki da muruci?"

Ta yi dariya, sannan ta nuna giginyun da ke tsaye bayanmu. "Wa ya shuka waɗannan?"

"Allah."

"Allah ne ya raya su. Amma wani mai jin yunwa ne ya ɗaga fartanya, ya fasa."

Na ce ƙanwata fa? Sai ta ce in tono rabi in bar rabi, kuma daga ranar ƙanwata ke cinye rabon Kaka na tuwo. Kaka kuwa ta koma cin tafasa da rama. Inna ba ta ji daɗi ba, kuma har yau ban ce ta yi kuskure ba.

Ƙanwata ta tashi. Awaki da wutar daji suka kashe yawancin abin da muka bari, kaɗan suka tsira. Kaka ta rasu ba su kai tsayina ba.

Sai da na yi furfura na sare namijin giginya ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira, na yi azarar ɗakina. Matan, masu 'ya'ya, ban taɓa su ba. Duk shekara ƙanwata takan aiko jikokinta daga Basirka, ta ƙasar Gwaram, su kwashi ƙwallaye. An ce ita ke zama a gefen tata fadamar.