Tankin da Ya Daina Rawa

Zubair ɗan cikin garin Yola ne, daga gidan da maza ke zama alƙalai ko malamai. Shi ya zaɓi karanta na'urori a kwalejin fasaha, abin da kawunnansa suka ɗauka a matsayin jarrabawa daga Allah. Ya samu aiki a wata ma'ajiyar gas a gefen Jimeta, inda yake kula da na'urorin auna matsin iska a tankuna. Tiransimita ake kiransu. Dukkansu suna rataye a waya guda mai suna filbas, kowace tana aika lambarta zuwa allon ofis.

A shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, kamfanin da ya ƙera na'urorin ya fitar da sabuwar manhaja da ake ɗora musu a ciki. Injiniyan Legas da ya kamata ya zo ya ɗora ta ya gano cewa yana da ciwon baya mai hana shi tsallake Binuwai. Ya aiko ta a filash ta hannun direban mota, Zubair ya ɗora da kansa.

Tsohuwar manhaja lamba kawai take faɗa. Sabuwar tana binciken lafiyar kanta. Matsin gas na gaskiya kullum yana ɗan rawa, sama kaɗan, ƙasa kaɗan. In lambar ta tsaya cik, na'urar ta gane cewa siririn bututun da ke haɗa ta da tanki ya toshe, kuma abin da take nunawa tsohon labari ne. Sai ta kunna jiniya.

Sau ɗaya jiniyar ta yi kuka, makonni kaɗan bayan tashin bam a kasuwa. Unguwa ta watse, wata mai ƙosai ta karye a kwata, jami'an tsaro suka zo suka sa Zubair tsallen kwaɗo a gaban leburorinsa. A ranar, manajan ma'ajiyar, Mista Harrison, ya sa aka yanke wayar jiniyar. Gargaɗin ya koma ɗan tabo ruwan ɗorawa a allo, wanda ba ya firgita kowa.

Shekaru suka wuce. Mutanen Michika da Madagali da suka zo gudun hijira suka yi gini har jikin katangar ma'ajiyar. Zubair ma ya kama gida a can da matarsa Sabuwa da 'yarsu Ikram, don kusa da aiki.

A azumin bana, cikin zafin Afirilu da ke narka kwalta, tabon ya fito a kan babban tanki. Lambar kyakkyawa ce, daidai tsakiya, ba ta motsi safe da rana. Tankin kuwa yana shan rana yini guda, kuma rabon a gwada bawul ɗinsa na kariya, mai rage matsi in ya yi yawa, tun kafin injiniyan Legas ya fara ciwon baya.

"Oga, sai an tsayar da lodi, mun sanyaya tankin, na buɗe bututun," Zubair ya ce wa Harrison.

"Ana jibi Sallah? Malam Zubair, abeg. Ka ga layin mata a get? Kai za ka gaya musu babu gas?"

"Ba mu san abin da ke cikin tankin ba."

"Ga lamba nan, normal."

"Shi ne matsalar. Ta yi normal da yawa."

Harrison ya yi dariya har da tari. "Duk Adamawa muna addu'ar zaman lafiya, na'ura naka shi kaɗai ba ya so. Masu inspection suna zuwa gobe, ba na son su ga yellow. Tsohon manhaja yana nan?"

Tana nan. Zubair mutum ne mai adana kaya.

Ya yi tunanin ƙin yi. Ya yi tunanin sanar da unguwa, sai cinyoyinsa suka tuna masa ladan wanda ya tayar da hankalin jama'a. Bayan azahar ya mayar da tsohuwar manhajar, cikin tsabtar aiki kamar yadda ya saba. Allon ya koma kore tsaf. Harrison ya dafa kafaɗarsa ya kira shi injiniya.

Da la'asar ya ce wa Sabuwa ta haɗa kaya, a Girei za su yi Sallah wajen iyayenta.

"Baban Ikram, kai da ka ce sauron Girei ya fi soja mugunta?"

"Na yafe masa. Ki ɗauko har takardun makarantar yarinyar."

Suna sa jaka a Keke, maƙwabcinsu Apollos ya leƙo, ƙaramar jikarsa a kafaɗa, bayan ɗakinsa manne da katangar ma'ajiyar.

"Hamma Zubair, guduwa za ka yi da naman Sallarmu? Lafiya dai?"

Zubair ya dubi saman tankin da ke ƙyalli ta bayan rufin Apollos.

"Lafiya lau," ya ce. "Ga makulli, ka riƙa ba kajina ruwa."