Amshin Taubashiyata

Turanci dai na iya shi a takarda. A Malumfashi na yi sakandare, kuma ban taɓa faɗuwa jarrabawarsa ba. Amma a tsayar da ni a ce in buɗe baki, to an gama da ni. Harshe ya yi nauyi, gumi ya keto, in yi ta "em, em" har mai sauraro ya ji tausayina. Shekara tara da aurena a Ƙarfi, abin nan bai sake ni ba.

Bayan an cire masara, maigidana ya dawo da labari. Wata ƙungiya mai raba wa mata manoma iri da taki tana neman mace ɗaya tak daga yankinmu, wadda za ta riƙa rubuta sunayen mata, ta kuma yi wa manyan ƙungiyar bayani da Turanci. Nan da sati uku za a tantance mu a Funtua. Wallahi na so aikin nan kamar me. Na gaji da jiran sai an kai auduga sikeli kafin yarana su ga sabon takalmi.

Ranar da na kai takarduna, na biya shagon wata Bayarabiya da nake sayen magani wurinta, na zayyana mata damuwata. Ta yi dariya ta ce, "Maman yara, ni da aka kawo ni garin nan ko sannu ban iya ba. Waƙoƙin rediyo na yi ta bi ina wanke-wanke har bakina ya saki. Ki rubuta abin da za ki faɗa, ki sa masa murya, ki yi ta rerawa."

Na dawo gida na rubuta. Na sa dalilin da ya sa matanmu ba sa zuwa taro ranar kasuwa. Na sa labarin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, yadda take cuɗa irin wake da toka ta zuba a tulu, ta liƙe bakinsa da laka, ya kai damina ƙwaro bai taɓa shi ba. Sai na ɗora duka a kan muryar da muke surfe da ita.

To, lugude ba ya yiwuwa da mutum ɗaya, waƙar daka kuma sai da mai amshi. Shi ya sa na kira taubashiyata, 'yar kawuna, wadda ke aure gida uku tsakaninmu. Ajinmu ɗaya a makaranta. Kullum da hantsi za ta zo, mu kafa turmi, in ja baiti ta amsa, taɓarya na sauka a kan kowace gaɓa. Tana yi tana tsokanata: "Baturiyar Ƙarfi, a yi mana a hankali!" Ni kuma in ce mata ta dai riƙe taɓarya kar ta fasa mini kai.

Abin ya ci, ba ƙarya. Sati na biyu na cire muryar, na ji maganar na fita da kanta. Na yi wa maigida Turanci ya saki baki, na yi wa tumaki. Na buga wa Bayarabiyar nan waya muka yi hira ban yi tuntuɓe ba. Ranar har rawa na taka a tsakar gida.

Ranar tantancewa na isa Funtua da sassafe. Ina shiga na hango taubashiyata zaune a benci, ta ci ado, da lamba a hannu. Tata huɗu, tawa tara.

Na ce, "Ke kuma me ya kawo ki?"

Ta ce, "Rakiya na zo yi miki, sai suka ce in gwada." Ƙarya tsagwaronta! An rufe karɓar takardu tun kafin mu kafa turmin farko.

Da aka kira ni, mutum uku na tarar a bayan tebur. Na fara, maganar na zuba lafiya lau. Ina isa kan tulun wake sai wata mai tabarau ta ɗaga hannu. Ta ce, "Dakata. Uwarku ɗaya da mai lamba huɗu?" Na kusa da ita ya ce, "Malama, hadda ba ta aiki a nan." Na fara rantsuwa da Hausa cewa maganata ce, uwata ce, suka ce in yi bayanin da Turanci. Ina! Wannan ban rera ta ba. Bakin ya koma gidan jiya, na tsaya ƙerere har aka ce in je, za a neme ni.

A bakin ƙofa na tare taubashiyar tawa. Ta ce, "Haba taubashiya, abin rabo ne fa."

Na ce, "Aikin ki cinye, ban hana ki ba. Amma uwata? Goggonki ce, ko tulun ba ki taɓa gani ba, kika tsaya gaban mutane kika ce taki ce!" Ta gyara mayafi ta tare Keke Napep. Na ji haushinta, na ji haushin kaina, ni da na riƙa gyara mata baki idan ta yi kuskure a amshi.

Ita aka ɗauka. Da ruwa ya sauka suka zo rabon taki a filin firamare. Na rantse ba zan je ba, amma gona ba ruwanta da fushina. Na bi layi da sauran mata cikin rana. Tana zaune a inuwa da rigar aiki da babban littafi, mai tabarau na gefenta. Da layi ya zo kaina ko ɗago kai ba ta yi ba.

Ta ce, "Suna?"

Na faɗa mata, har da sunan ubana, wanda shi ya ba da aurenta. Ta ce in ɗaga murya, ba ta ji ba.