Kwanon da na ji kunyar fitarwa

Salamu alaikum 'yan'uwa. Wata bakwai ban ce uffan a nan ba, har wasu suna tambaya ko wayata aka sace. Waya tana nan, ni ne na kwanta.

Da ƙishirwa abin ya fara, farkon bazara. Sai yawan fitsari, sai rama. Na ce zafin Matameye ne. Ranar da lambobin mitir ɗin awo suka dushe mini a shagon ɗinkina, ranar na je asibiti.

Aka soki yatsa. Ciwon sukari.

Likita ta ce magani kaɗai ba zai riƙe ni ba, sai na rage tuwo da fura, na yawaita ganye. In na yi wasa, ido ne zai fara tafiya. Tela ba ido, me ya rage? Na tsorata ƙwarai.

Matata, Maman Nana, ta ɗaura ɗamara. Takan sayo salati da gurji da tumatir wurin masu lambun Tsauni, ta wanke sau uku, ta yanka da albasa, ta barbaɗa dakakken ƙuli-ƙuli, ta matsa lemun tsami. Wani lokaci ta ƙara zogale, ko ɓarin mangwaron da bai gama nuna ba. Wallahi da daɗi.

Matsalar ciyayya ce. Bayan magariba mu shida muke fito da kwanoninmu ƙofar gidan maƙwabcinmu Alhaji Idi mu ci tare, tun kafin in yi furfura. Na san bakinsu, musamman taubashina Sani. In ya ga ganye a kwanona, sai na koma tunkiya har ƙarshen rayuwata.

Sai in karɓi kwanon in ɓoye a zaure, in fita in ce an makara da girki, in narki tuwon mutane. In na dawo in juye wa awaki. Ita kuwa ta ga kwano fes ta yi ta murna.

Kwana arba'in ina wannan wauta, sai na yanke jiki na faɗi a kan keken ɗinki.

Kwana tara na yi a asibitin Damagaram. Ƙarin ruwa, allura safe da yamma, sukar yatsa har na rasa wanda zan miƙa. Likitan can ya tambayi abin da nake ci. Maman Nana ta lissafa masa tiryan-tiryan. Ya dubi takardar awon, ya ce wannan bai yi kama da jinin mai cin ganye ba.

Sai ta fara kuka, wai ƙila mangwaron nan da take sawa ne ya yi mini illa.

A nan na kasa. Na faɗi gaskiya a gabanta, a gaban likita, da Alhaji Idi da ya zo dubiya. Kunyar da na guje wa ba ta kai rabin wannan ba.

Alhaji ya ce, "Ashe da hannunmu muke kashe ka, muna ce maka bismilla."

Ranar da na koma ciyayya, kwano uku cikin shida kwaɗon ganye ne. Sani ya ci ya suɗe yatsa, sannan ya kira ni tunkiya. Na amsa.

Yanzu awo ya daidaita, na koma ɗinki, alhamdu lillahi. Wanda ƙishirwa da rama suka dama, ya je a auna shi. A wanke ganye da ruwa mai tsabta. Mangwaro da kankana a tambayi likita yawan da za a ci. Kuma ku gaya wa waɗanda kuke ci tare da su, kada ku yi irin tawa.

Na gode wa duk wanda ya yi mini addu'a.

Maman Nana, ban taɓa yabonki cikin mutane ba, yau zan yi. Kwana arba'in na zubar da wahalarki, muka dawo gida kika ɗauki wuƙa kika ci gaba da yanka, ba gori. Da idon da kika tsare mini na rubuta wannan.