Labarin da Na Ba Ɗana a Gona

Aji uku na yi a firamare, na ukun ma rabinsa a rafin Mayo Gwoi na yi shi ina kamun kifi. Ɗan ilimin da nake taƙama da shi a kicin na tsince shi, lokacin da nake yi wa wani malamin sakandare ɗan Indiya kuku a nan Jalingo. Mutum ne mai surutu idan ya ƙoshi. Shi ya ba ni labarin manyansu na farko, masu rawani da gashin baki, waɗanda Bature ya ɗaure saboda rubutu a jarida. Ya ce akwai wanda aka nemi ya ba da haƙuri a sake shi, ya zaɓi kurkuku. Ya kuma ce 'yar'uwar dokar da aka ɗaure su da ita tana nan cikin littafin alƙalanmu, Bature ya tafi ya bar mana.

Ni kuwa ko tari ɗan sanda ya yi sai na cire hula. Amma labarin ya yi mini daɗi a baki. Shekara da shekaru ina ba 'ya'yana shi a gonarmu ta Iware, ina ƙara gishiri, sai ka rantse da ni aka yi.

Babban ɗana ya riƙe shi. Bara aka buɗe famfon unguwarmu da kiɗa da rawa, bai taɓa ɗigo ba. Ɗan nan ya rubuta maganar a waya ya watsa wa duniya, har da sunan mai kwangilar. Bayan kwana biyu aka tafi da shi, wai yana tunzura jama'a.

Muka yi abin da aka saba. Na tara dattawa, da fastonmu da limamin unguwa, muka ɗauki goro da ɗan akuya, muka je gidan mai kwangilar muka durƙusa. Durƙuso kam na iya. Mutumin bai wulaƙanta mu ba. Ya ce ɗana ya goge rubutun, ya yarda zai zo ya durƙusa da kansa, magana ta mutu.

Na tafi gidan yari da murnata. Ya saurare ni har na gama, magidanci mai 'ya'ya uku, sannan ya ce, "Baba, mai rawanin nan ya durƙusa?"

Na ce masa ban san mutumin ba, ko sunansa ban iya faɗa ba, rabin labarin ma ni na ƙera. Na ce su can suna da jama'a a bayansu, shi kuwa waɗanda suka tafa masa sun koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa.

"To, da ba ka faɗa mana ba," in ji shi.

Sau huɗu ke nan ana ɗage shari'ar. Doyarsa ta wuce lokacin tono, bayana kuma ba ya sunkuyo. Matarsa tana kawo mini abinci, ta ajiye, ta gaishe ni ba ta kalle ni ba. Na daina roƙonsa. In na je, ya tambaye ni yara, in ce suna lafiya, mu zauna har ganduroba ya ce lokaci ya yi.